Hukuncin ido

Hausawa na cewa labarin zuciya a tambayi fuska. Amma shin ido ya isa ya yanke wa fata hukunci?

Tabo mai haske kan fito a jikin mutum. Yana iya zama kyasbi, wanda bai fi a shafa magani ba. Yana iya zama kuturta. Lokotoro ba ya gaggawar faɗin suna. Yakan shafa ƴar auduga a kan tabon, majinyaci na rufe da ido: in bai ji taɓawar ba, to alama ce ta kuturta, don ƙwayar cutar, wadda Hansen ya gano a Norwe a 1873, jijiyoyi take ci. Maƙwabta kuwa kallo ɗaya sukan yi, su ware wa mutum kwanonsa.

Laifin wannan hukunci biyu ne. In kyasbi ne, an tozarta mai lafiya. In kuturta ce, tsoron tozarci kan sa mai ita ya ɓoye tabon har yatsu su lalace, alhali magani na wata 6 ko 12, wanda ake bayarwa kyauta tun 1995, yana warkar da ita, kuma wanda ya fara sha ya daina yaɗa ta. Asibitin Danja, kudu da Maraɗi, ya daɗe yana wannan aiki.

Ashe dungulmin da jama'a ke ƙyama, sau da yawa ƙyamarsu ce ta jawo shi. Malamin da ya ga tabo a jikin ɗalibi, hakkinsa shi ne ya tura shi likita cikin sirri, ya kame bakinsa.