Rut Ba Ta Jira Hawayenta Su Bushe Ba

Karatun safiya: Rut 2:1-18

Mata biyu ne suka shigo Baitalami a farkon kakar sha'ir, kowacce ta binne miji a ƙasar Mowab. Rashin Na'omi ya fi yawa, domin bayan mijinta Elimelek, 'ya'yanta biyu, Malon da Kiliyon, su ma sun rasu cikin kimanin shekara 10 da suka yi a can. Baƙin ciki ya kai ta har ta ce wa matan gari su daina kiranta da sunanta. Rut kuwa, matar ɗanta, baƙuwa ce, ba dangi, ba gona, ba ɗa.

Wanda ya taɓa kwana yana lissafin abin da za a ɗora a wuta gobe ya san halin damuwa. Tana ƙuntata zuciya, tana hana barci, har mutum ya daina ganin kowa sai kansa da matsalarsa. Rut tana da dalilin zama a ɗaka ta yi ta kuka, ba kuwa wanda zai ga laifinta. Amma akwai tsohuwa a gida da ba ta ci ba. Sai ta nemi izinin surukarta, ta fita kala a bayan masu girbi, kamar yadda Shari'ar Musa ta ba matalauta da baƙi dama.

Ina ganin a nan sauƙinta ya fara. Ciwon rashin bai tafi ba, amma ta sami abin da zai tashe ta da sassafe, hannunta ya sami aiki, tunaninta ya koma kan wata.

Ku duba inda abin ya bi. Labarin yadda ta riƙe Na'omi ya riga ta isa kunnen Bo'aza, mai gonar da ta shiga kala. Ya ce ta sha daga tulunan ma'aikatansa, ya hana samari su dame ta, ya kuma umarci masu girbi su riƙa zare zangarku daga dammuna suna bar mata da gangan. Ma'aikatan da suka fito neman ladan yini sai ga su cikin aikin jinƙai. Da yamma ta sussuke sha'ir wajen efa guda, kimanin lita 20, ta haɗa da sauran abincin da Bo'aza ya ba ta, ta kai gida. Bakin nan na Na'omi da ya saba da kuka, a daren nan albarka ya sa wa Bo'aza. Daga baya Bo'aza ya auri Rut, aka haifi Obida, kakan sarki Dawuda, sunan Rut kuma ya shiga jerin kakannin Yesu a Matiyu sura 1.

Da yawa cikinmu muna cewa sai hankalinmu ya kwanta tukuna za mu duba wani. Ɗan'uwa, 'yar'uwa, ranar nan ba lallai ta zo ba, ga tsadar abinci, ga kuɗin makaranta, ga asibiti. Kafin ka fita yau, ka roƙi Ubangiji ya tuna maka da mutum ɗaya: gwauruwar da ke bayan gidanku, ko maƙwabcin da aka kwana biyu ba a ji motsinsa ba. Ka leƙa ka gaishe shi, ka zauna ka saurare shi. In kana da mudu biyu, ka tafi da ɗaya.