Ɗana, Ka Yanke Wa Fayil Iyaka

Ɗana, kai da ke zaune a wani ofis a GRA ta Katsina kana gina wa makaranta ko asibiti shafin rajista, ba ni kunnenka. Duk gurbin da ka buɗe don a ɗora hoton fasfo ko sakamakon WAEC, ka yanke masa iyakar nauyi tun kafin ka miƙa aikin.

Kayan aikin nan naku ba halinsu ɗaya ba. PHP yana zuwa da upload_max_filesize a kan megabait 2, post_max_size kuma a kan 8. Nginx, in ba ka canja masa ba, megabait 1 kawai yake karɓa, da an wuce sai ya mayar da lamba 413. Flask kuwa ba ruwansa da iyaka sai ka rubuta masa MAX_CONTENT_LENGTH da hannunka. Django ya fi ruɗin yara: megabait 2.5 ɗin da suke dogara da shi ba ya hana ƙaton fayil shiga, sauke shi kawai yake yi a kan faifai. Ka ga ke nan mugu ɗaya, ko yaron da ya zaɓo bidiyon biki bisa kuskure, ya isa ya cika ma'ajiyar saba, shafin ya tsaya cak ana tsakiyar rajista. Kada kuma ka ce ai ka sa JavaScript yana dubawa. Wannan shingen kara ne, mai niyya tsallakewa zai yi. Ka sa iyakar a saba, ka daidaita ta Nginx da ta manhajarka don kada ɗaya ta ƙaryata ɗaya.

Amma abin da ya fi ci mini rai shi ne yarinyar da ta biya kuɗin mota daga Batsari ko Jibiya, ta zauna a kafe, hoton wayarta ya haura megabait 3. Ta zuba wa layin ɗora hoton ido yana rarrafe, data tana ƙonewa, ƙarshe Turancin da ba ta gane ba ya fito. Wallahi haƙƙinta yana wuyanka.

Ka rubuta iyakar da irin fayil ɗin da ake so a saman maɓallin, da Hausa da Turanci. In da hali, manhajarka ta rage nauyin hoton da kanta kafin ya tashi. Yau ɗin nan, kafin ka rufe ofis, ɗauki wayarka ka gwada ɗora hoto a shafin naka da datar aljihunka. Allah Ya yi maka albarka.