Mai Tsoron Zuciyarsa

Ya kai mai karatu, in kana cikin masu kwana ido biyu saboda zullumi, wannan magana taka ce.

Ka dubi manoma biyu a ƙasar Daura, ɗaya a Zango, ɗaya a Sandamu. Sun shuka gero, ruwa ya ɗauke kwana goma. Tunani guda ne ya faɗo musu: in shuka ta ƙone fa? Na farko ya yi addu'a, ya ɗauki fartanya. Na biyu kuwa ya ce a ransa, "In na bar wannan damuwa, masifa za ta same ni ban shirya ba." Da dare ya yi ya kāsa barci, sai ya ce kuma, "Tunanin nan ya fi ƙarfina, zai haukata ni." Ga shi yanzu da kaya biyu: tsoron fari, da tsoron zuciyarsa. Na biyun kuwa ya fi nauyi, gama ko ruwa ya sauko ba ya sauke shi.

Masana sun gwada wannan al'amari. A shekarar 1997 malamai biyu na Ingila, Cartwright-Hatton da Adrian Wells, suka tsara tambayoyi a kan yadda mutum yake ɗaukar tunaninsa. Suka iske waɗanda suka gaskata damuwarsu ba ta tsayuwa, tana kuma da hatsari, su ne alhini ya fi kamawa. Kafin wannan, a 1987, Daniel Wegner na Amurka ya ce wa ɗalibai kada su tuna da wata farar dabba har minti 5, in ta faɗo musu su kaɗa ƙararrawa. Ƙararrawa ta yi ta ƙara. Abin da ka tsaya kora da ƙarfi, shi kake kira.

Amma abin da ya fi ba ni tausayi shi ne mai bi wanda mugun tunani ya gifta masa a tsakiyar addu'a, ya ce, "Na yi zunubi, Allah ya yashe ni." Ɗan'uwana, ba haka ba ne. Ubangijinmu Yesu da kansa ya ji maganar Shaiɗan cikin jeji, bai kuwa yi zunubi ba. Jin ƙwanƙwasa dabam, buɗe ƙofa dabam.

Kowane ɗan Daura ya san labarin Kusugu, yadda maciji ya hana ɗiban ruwa sai ranar Juma'a. Waɗansu sun mai da zuciyarsu irin wannan rijiya, suna tsoron leƙawa. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Yawancin abin da ke cikin taka rijiyar tsumma ne.

Saboda haka in tunanin ya zo daren yau, kada ka yi kokawa da shi, kada kuma ka shimfiɗa masa tabarma. Ka ce, "Tunani ne kawai," ka miƙa shi ga Allah sau ɗaya, ka juya ka kwanta. In kuwa ka yi makonni ba barci, ba cin abinci, ka faɗa wa wani dattijo na ikkilisiya, ku tafi wurin likita tare.