Hantsi Leƙa Gidan Kowa, To Mai Hoto Fa?

Bahaushe ya yi wa hantsi kirari da leƙa gidan kowa, kuma har yau ba mu ji matar da ta kai ƙarar hantsi gaban mai unguwa ba. Yana haurowa katanga ba sallama, ya tarar da ke kina shara ko kina hura wuta, ɗankwali a karkace, ya gama leƙensa ya wuce, ba ya kai labari ko'ina. To amma a wannan zamani hantsi ya samu abokin tafiya, wato mai ɗaukar hoto, wanda shi ma yake sammako don ya riski wannan haske. Tambayar da nake so mu tattauna ita ce: duk abin da hasken safiya ya bayyana, mai kyamara yana da haƙƙin ɗauka ya tafi da shi?

Kafin mu yanke hukunci, adalci ne mu fara sanin aikin nasu, domin kuwa sana'a ce mai wahala da ilimi a cikinta. Masu hoto suna son fitowar rana ne saboda a lokacin tana ƙasa-ƙasa, haskenta yana ratso iska mai kauri kafin ya iso gare mu. A hanya sai launin shuɗi ya watse, ja da ruwan ɗorawa su iso, shi ya sa katangar ƙasa take komawa kamar an shafa mata zinariya. Inuwa takan yi tsawo, kowane zane da ke jikin gini ya fito sarai, fuskar mutum kuma ta yi laushi ba irin ta tsakar rana ba. Sai dai a ƙasarmu wannan garaɓasa ba ta daɗewa. Da yake muna kusa da tsakiyar duniya, rana a miƙe take hawa, don haka tsakanin wayewar gari sosai da ɓullowarta bai fi minti ashirin da 'yan kai ba, bayan ta ɓullo kuma da an yi kamar rabin awa haske ya fara ƙarfi.

Saboda haka mai hoton kirki tun jiya yake shiri. Zai je ya duba wurin da rana, ya san inda zai tsaya, ya cika batir, ya tanadi sandar nan mai ƙafa uku da ake ɗora kyamara don kada hannu ya yi rawa a cikin duhu-duhu. Dole ya san lokaci, domin a Kano rana tana fitowa wajen ƙarfe 6:00 a farkon watan Yuni, amma a ƙarshen Janairu sai kusan 6:50. Dole ya san kusurwa, domin a watan Maris da Satumba ne kawai take fitowa daga gabas sak, a Yuni ta karkata arewa, a Disamba ta karkata kudu. Ga kuma yanayi: da hunturu ƙura kan rufe ta, sai ta ɗaga sama kafin a gan ta fara fat kamar faifai, da damina kuwa in an kwana ana ruwa, sama takan wanke, gizagizai su yi jajir. Wuraren da suke so sanannu ne: Dutsen Dala da Goron Dutse a Kano, Dutsen Kufena a Zariya, hasumiyar Gobarau a Katsina, hasumiyar masallacin Agadas, bakin kogi a Yamai inda masunta ke tura kwalekwale. Wanda ya bar bargonsa a sanyin Janairu ya hau dutse don ya kalli ikon Allah, wallahi ba za a kira shi malalaci ba.

To ina matsalar take? Matsalar ita ce wannan lokaci da suke kira lokacin zinariya, shi ne lokacinmu. Da sassafe ne mace take tsakar gida tana wanke-wanke, tana yi wa yara wanka, tana shanya, ko ta fito ɗibar ruwa, ko ta kafa kaskon ƙosai a ƙofar gida. Lokaci ne da ba ta shirya wa idon baƙo ba. Duk wadda ta taɓa hawa Dala ta san abin da ake hangowa daga can: unguwannin tsohon birni a shimfiɗe, tsakar gidaje a buɗe suna kallon sama. Magabatanmu da suka tsara gidan Bahaushe, da zaure da shigifa da doguwar katanga, sun yi lissafin idon mutumin da ke tsaye a ƙasa ne. Ba su yi lissafin gilashin kyamara mai jawo nesa kusa ba, balle ƙaramin jirgin nan maras matuƙi da yake shawagi a kan rufi yana ɗauka. Katanga tana nan inda take, amma sirrin da aka gina ta dominsa yana iya fita ta sama.

Ba zan shiga saɓanin malamai kan hukuncin hoto shi kansa ba, wannan fagensu ne. Abin da ya shafe mu a nan shi ne izini. Suratun Nur ta koyar da neman izini kafin shiga gidan mutane, har ma ta ware lokuta uku da yaran gida da masu hidima su ma sai sun nemi izini, ɗaya daga ciki shi ne kafin sallar asuba. Tsarin mulkin Nijeriya na 1999 ma, a sashe na 37, ya tabbatar wa ɗan ƙasa sirrinsa da na gidansa. Wanda ya leƙa tsakar gida ta gilashi, ai ya shiga gidan, ƙafarsa ce kawai ba ta taka ba. Wannan kam ba ya buƙatar dogon bayani.

Inda maganar take da wuya shi ne waje. Mai hoto zai ce miki, "Hajiya, ni fa gidan kowa ban leƙa ba. A bakin titi na gan ta da tulu a ka, kowa ma ya gan ta. Don me idona zai halatta, kyamarata ta haramta?" Hujja ce mai ƙarfi, kada mu yi saurin ture ta. Amma ki duba bambancin. Wanda ya gan ki a hanya, ke ma kin gan shi, kin san ko wane ne, in kin ga dama ki gyara mayafi ko ki sauya hanya, kuma ganin nasa ya ƙare da wucewarki. Hoto shi ba ya ƙarewa. Yana cire ki daga unguwarku, inda aka san ki da mutuncinki da sunan mijinki da na 'ya'yanki, ya kai ki gaban mutanen da ba su san komai game da ke ba sai abin da mai hoton ya rubuta a ƙasa. Ke kin fita ɗibar ruwa ne na minti goma, ba ki fita don ki tsaya shekara ashirin a gaban duniya ba.

Wannan ba hasashe ba ne, ya faru. A shekarar 1984 wani mai hoto ɗan Amurka, Steve McCurry, ya ɗauki wata yarinya 'yar Afganistan a sansanin 'yan gudun hijira a Pakistan. Mujallar National Geographic ta sa hoton a bangonta a watan Yuni na 1985, ya zama ɗaya daga cikin hotunan da aka fi sani a duniya. Ita kuwa yarinyar, Sharbat Gula, ko sunanta ba a sani ba, kuma ba ta ga hoton ba sai a 2002, lokacin da aka nemo ta tana matar aure da 'ya'ya. Shekara goma sha bakwai fuskarta tana yawo a ƙasashen da ba ta taɓa takawa ba, ita tana can ba ta da labari. Masu kare hoton suna cewa ya jawo hankalin duniya ga halin 'yan gudun hijira, kuma gaskiya ne. Amma mu tambayi kanmu, da 'yarki ce fa?

Abin mamaki, tun farkon sana'ar haka aka soma. Hoton da ake ɗauka a matsayin na farko da mutane suka fito a ciki, Louis Daguerre ne ya ɗauke shi a birnin Faris a 1838, da misalin ƙarfe takwas na safe, ta taga daga saman bene. Da yake a lokacin sai an bar kyamara a buɗe na mintuna, duk masu wucewa ba su fito ba, sai wani mutum da ya tsaya ana goge masa takalmi, da mai gogewar. Har yau ba a san su wane ne ba, kuma babu alamar sun san ana ɗaukarsu.

Hujja ta biyu da za ki ji ita ce, "In na nemi izini hoton ya lalace, za ta tsaya ƙiƙam tana murmushin dole." Wannan ma akwai gaskiya a ciki, amma tana nuna mana inda lissafin ya karkace, wato an fifita kyawun hoto a kan yardar wadda ke cikinsa. Kuma ma ba dole ba ne ya lalace. Seydou Keïta na Bamako, wanda ya buɗe shagonsa a 1948, da hasken rana ya ɗauki yawancin hotunansa. Mata su suke zuwa da ƙafarsu, su ci ado, su zaɓi zanen da suke so a gan su da shi. Yau ana rataye waɗannan hotuna a manyan gidajen tarihi na duniya, kuma duk wanda ya kalle su zai ga mata masu ji da kansu. Yarda ba ta rage musu komai ba. Mai hoton da ya yi haƙurin jiran rana awa guda a kan dutse, ai bai kamata haƙurin gaisuwar minti biyar ya gagare shi ba.

Hujja ta uku ita ce ta fi taɓa ni, domin don mu aka yi ta. Ana cewa in aka daina ɗaukar mata, to aikin mata zai ɓace daga tarihi, jikokinmu su buɗe hotunan garinsu su ga hawan salla da 'yan kasuwa, su zaci maza kaɗai suka riƙe gari. Na yarda da wannan ɗari bisa ɗari. Maganinsa shi ne a ɗauka da yardarmu, kuma mu ma mu riƙe kyamarar. Fati Abubakar, 'yar Maiduguri, ta fara aikin da ta kira Bits of Borno a 2015, tana nuna rayuwar yau da kullum ta mutanen Borno a lokacin da duniya ba ta jin komai daga can sai tashin bam. 'Yar gari da ta san gaisuwa, ta san inda ake cire takalmi, tana iya shiga wuraren da baƙo ba zai shiga ba, kuma in ta yi ba daidai ba an san gidansu.

Akwai kuma wani abu da hasken safiya yake yi wanda ya kamata mu lura. Yana ƙawata komai, har da wahala. Yarinya da jarka a ka, rana na ɓullowa a bayanta, ta zama baƙar inuwa a cikin jan haske, wallahi hoto ne mai ɗaukar ido. Mai kallo zai ce masha Allah ya wuce. Hoton ba zai gaya masa cewa famfon unguwar ya shekara ba ruwa ba, ko cewa a wannan lokacin ya kamata a ce tana shirin makaranta. Wanda ya ɗauki kyan ya bar mata nauyin jarkar, ya ci riba da wahalarta ko da bai sayar da hoton ba.

To 'yar'uwa, kada mu tsaya nuna masu manyan kyamarori da yatsa, domin yau kowace jaka da waya a ciki. Mu ne muke ɗaukar 'yar aiki tana wanke-wanke da sassafe mu tura wa ƙawaye ana dariya. Mu ne muke ba almajiri ɗumame mu ce ya tsaya a ɗauka, a sa a WhatsApp. Mu ne muke hawa bene mu ɗauki fitowar rana, tsakar gidan maƙwabciya ya shigo ciki, mu ce ai ba da gangan ba ne. Ki lura, kusan kullum wanda ake ɗauka ba izini shi ne wanda ba zai iya cewa a'a ba. Ba mu taɓa ganin an tsare matar gwamna an ɗauke ta da tsintsiya a hannu ba. In izini na masu hali ne kawai, to tsoronsu muke ji, ba mutuncin ɗan Adam muke kiyayewa ba.

Ma'aunin da nake ganin zai fisshe mu mai sauƙi ne, kuma mu koya wa 'ya'yanmu da ƙannenmu masu sha'awar wannan sana'a. Sama da dutse da kogi da tsuntsaye, a ɗauka son rai, ba su da mayafin da zai zame. Taron jama'a daga nesa, inda ba a gane kowa, babu laifi. Cikin gidan mutane kuwa a kawar da kyamara, ko daga ina aka hango shi. In mutum ɗaya ne za a gane fuskarsa, a yi sallama, a faɗi abin da za a yi da hoton, a nuna masa bayan an ɗauka, in ya ce a goge a goge a gabansa. Yaro kuma sai da yardar iyayensa. In ya zamana kina jin nauyin nuna wa mai hoton hotonta, to zuciyarki ta riga ta ba ki fatawa.

Ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. Allah Ya ba mu ikon kallon ni'imominSa da safe ba tare da mun keta alfarmar bayinSa ba, Ya rufa mana asiri duniya da lahira, amin. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.