HAYAƘIN MOTARKA, HUHUN MAƘWABCINKA

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabi Muhammad (SAW) da iyalansa da sahabbansa.

Wani ɗan uwa mazaunin Landan ya turo min tambaya. Ya ce yana da tsohuwar mota mai amfani da man dizal, da ita yake kai yaransa makaranta, da ita yake zuwa wurin aiki. Hukumar birnin ta sa doka cewa duk motar da hayaƙinta ya wuce ƙa'ida, sai mai ita ya biya fam 12.50 a duk ranar da ya hau titi da ita. Tambayarsa: Malam, wannan kuɗi ba zalunci ba ne? Kuma ya halatta in yi dabara a jikin lambar motar don kyamara ta kasa gane ta?

Na ga ya fi amfani in amsa a fili, domin maganar ta fi ƙarfin Landan. Duk mai mota ko babur ko adaidaita sahu ko janareta yana da kaso a cikinta.

Mu fara da sanin abin, domin ba a yanke hukunci a kan abin da ba a fahimta ba. Tsarin da ɗan uwan yake magana a kai suna kiransa ULEZ. An fara shi a tsakiyar Landan a watan Afrilu na 2019, aka faɗaɗa shi a 2021, sannan a watan Agusta na 2023 aka game dukkan unguwannin birnin da shi, a zamanin magajin gari Sadik Khan, wanda Musulmi ne kuma shi kansa yana fama da ciwon asma. Ba kowace mota ce ke biya ba. Galibin motocin fetur da aka ƙera daga 2006 zuwa yau sun tsira, haka galibin na dizal da aka ƙera bayan 2015. Tsofaffin da ke ƙasa da haka su ne dokar ta hau kansu.

Me ya kai su ga haka? Mutanen Landan sun ɗanɗana kuɗarsu ne. A watan Disamba na 1952 hayaƙin gawayin kwal ya haɗu da hazo ya lulluɓe birnin kwana biyar. Ƙiyasin farko ya ce mutum 4,000 ne suka mutu, daga baya masu bincike suka ce adadin zai iya kaiwa 12,000. Wannan ya sa suka yi dokar tsaftace iska a 1956. Hayaƙin kwal ya tafi, na mota ya maye gurbinsa. A 2013 wata yarinya 'yar shekara 9, da gidansu ke gab da wani babban titi a kudancin birnin, ta rasu sakamakon asma bayan an kai ta asibiti kusan sau 30 cikin shekara uku. A Disamba na 2020 mai binciken musabbabin mutuwa ya yanke cewa gurɓatacciyar iska tana cikin abin da ya yi sanadin rasuwarta. Ita ce ta farko da aka rubuta wa haka a takardar mutuwa a ƙasar.

'Yan uwa, abin da ke fita daga salansa ba ɓata ido kawai yake ba. Akwai ƙurar da ta fi silin gashi siranta kusan sau 30, ido ba ya ganinta, hanci ba ya tace ta. Tana wucewa can cikin huhu, mafi ƙanƙantarta har cikin jini. Likitoci sun danganta ta da asma, ciwon zuciya, shanyewar ɓarin jiki da kansar huhu. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iska, ta cikin gida da ta waje, tana sanadin mutuwar kusan mutum miliyan 7 duk shekara. Ajali na hannun Allah, babu shakka. Amma Wanda Ya ƙaddara ajali Shi ne Ya hana mu zama sanadin cutar da bayinSa, kuma zai tambaye mu.

To me shari'a ta ce?

Da farko, akwai hadisin da ke cikin Muwaɗɗa, wanda Imamun Nawawi ya kawo a Arba'una, da ya haramta cutar da wani da kuma rama cuta da cuta. A kansa malamai suka gina ƙa'idar cewa cuta gusar da ita ake yi. Kuma a Sahihu Muslim Annabi (SAW) ya lissafa kawar da abin cutarwa daga hanya cikin rassan imani. Mu tsaya mu yi tunani. Idan ɗauke ƙaya daga hanya imani ne, har Allah Ya gafarta wa wani mutum saboda reshen ƙaya guda da ya janye, to mene ne matsayin wanda kullum yake bin hanya yana zuba wa mutane abin da ya fi ƙaya illa? Ƙaya dai ana ganinta a kauce. Hayaƙi ina za ka kauce masa? Ko ka ƙi ko ka so sai ka yi numfashi.

Na biyu, hadisin tafarnuwa da albasa da ke cikin Bukhari da Muslim. Halal ne cin su, amma Annabi (SAW) ya umarci wanda ya ci su ɗanye da ya nisanci masallaci. Sayyidina Umar ma ya faɗa a kan mumbari cewa ya ga ana fitar da mai irin wannan warin har zuwa Baƙi'a. Kun ga an keɓe wuri saboda taruwar jama'a, an ce mai abin da ke cutar da hancin mutane ya dakata daga waje. Wari ne fa kawai, ba ya kwantar da kowa a asibiti. Ina ga abin da ke kwantarwa?

Na uku, malamanmu na Malikiyya ba su bar wannan babi ba. Wanda ya karanta Mukhtasar na Shehu Khalil ya san cewa a cikinsa an ba alƙali ikon hana hayaƙin da ke cutar da maƙwabta, irin na gidan wanka, da wari irin na majema. A littattafan hisba, irin na Shaizari, an umarci mai hisba ya nisanta masu sana'ar wuta, kamar maƙera da masu gasa burodi, daga shagunan masu turare da masu tufafi, kuma ya sa masu tanderu su buɗe wa hayaƙi mafita ta sama. Saboda haka tsara gari ta yadda hayaƙin wani ba zai faɗa kan wani ba, ba Turawa ne suka koya mana ba. Yana cikin littattafan da muke karantawa a zaure, aiki da shi ne muka bari.

Ko alhazanmu shaida ne. A kwanakin aikin Hajji ana hana ƙananan motoci shiga Mina da Arfa da Muzdalifa, aka kuma samar da jirgin ƙasa tun 2010. Dalilin can cunkoso ne, amma asalin ɗaya ne: shugaba yana da ikon taƙaita abin da yake halal a wani wuri, idan maslahar jama'a ta buƙaci haka.

Sai dai akwai ɗaya ɓangaren, kuma ba zan ɓoye shi ba. Wa ke hawa tsohuwar mota? Talaka. Mai kuɗi zai sauya mota ya huta, ko ya biya kuɗin bai ji a jikinsa ba. Wanda dokar za ta matsa shi ne mai kai kaya, da ɗan tasi, da irin ɗan uwanmu mai tambaya. Shari'ar da ta ce a gusar da cuta, ita ce kuma ta ce ba a gusar da cuta da irinta. Ba za a ceci huhun yaro ta hanyar raba mahaifinsa da abincinsa ba.

Akwai wata ƙissa a Sunanu Abi Dawud, duk da malamai sun yi magana a kan isnadinta, amma akwai darasi a tsarinta. Samura ɗan Jundub yana da dabino a cikin gonar wani Ba'ansare, shigarsa tana takura wa mutumin da iyalinsa. Annabi (SAW) bai fara da cewa a tumɓuke ba. Ya nemi ya sayar, ya ƙi. Ya nemi a yi masa musaya, ya ƙi. Ya kwaɗaitar da shi ya bayar don lada, ya ƙi. Sai a ƙarshe ya ce a cire. Wannan shi ne adalci: a fara buɗe wa mutum ƙofa kafin a rufe masa wata. A Landan ɗin ma sun yi shirin karɓar tsofaffin motoci ana ba masu su har fam 2,000, kuma suna da bas da jirgin ƙasa. Mutane da yawa sun ce kuɗin bai isa sayen wata motar ba, kuma ƙorafinsu abin saurare ne.

Don haka amsata ga mai tambaya ita ce: asalin dokar ba zalunci ba ne, domin cutar da ake son karewa tabbatacciya ce. Gaskiya ne malamai sun yi saɓani a kan horo da dukiya, da yawa sun hana, wasu kamar Ibnu Taimiyya da Ibnul Ƙayyim sun halatta. Amma ko wanne ka ɗauka, bai buɗe maka ƙofar yin dabara a lambar mota ba. Wannan ha'inci ne, kuma ka shiga ƙasar ne bisa alƙawarin bin dokarta, Musulmi kuwa ba ya warware alƙawari. Idan kana ganin an matsa muku, ka yi ƙorafi ta hanyar da doka ta tanada, ka haɗa kai da maƙwabtanka, ka yi amfani da ƙuri'arka. Ka kuma tuna yaran da kake kaiwa makaranta su ma wannan iskar suke shaƙa.

Yanzu mu dawo gida. Ina tsofaffin motocin da Turai ta gaji da su suke tafiya? Hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da rahoto a 2020 cewa tsakanin 2015 da 2018, Turai da Amurka da Japan sun fitar da ƙananan motoci na hannu miliyan 14, kuma kusan kashi 40 cikin ɗari nasu Afirka aka kawo. Su ne muke kira 'yan Kwatano, muna murna. Abin takaici, a cikin salansar motar akwai matatar hayaƙi, wadda makanikai ke kira indomi. Sai ka ga an fasa an cire an sayar, wani lokaci da sanin mai motar, wani lokaci a ɓoye. Wanda ya cire ba da sanin mai ita ba, ya haɗa sata da cutar da jama'a. Wanda ya sayar da mota an cire mata bai faɗa wa mai saye ba, ya ɓoye aibi, kuma wannan algus ne.

Je ka tsaya a cunkoson kasuwa da yamma a lokacin hunturu, ga hazo ga hayaƙi. Wa ke shaƙa? Ba mai gilashi a rufe da sanyin mota ba. Yarinya mai talla ce, da almajiri, da mai gyaran takalmi a bakin titi, da jaririn da ke goye a bayan uwarsa a cikin adaidaita, daidai saitin salansar tirela. Waɗannan ba su da bakin kai ƙara a duniya. A lahira kuwa suna da shi.

Abin da nake roƙon kaina da ku kaɗan ne. Idan motarka ko babur ɗinka ya fara baƙin hayaƙi ko shuɗi, ka kai shi gareji, ka ɗauki kuɗin gyaran a matsayin sauke haƙƙi. Ka canza baƙin mai a kan lokaci. Kada ka bar inji yana aiki a ƙofar makaranta ko asibiti ko masallaci alhali a tsaye kake. Kada ka juya bakin janaretarka saitin tagar maƙwabci, kuma don Allah kada a kwana da shi a cikin gida ko a soro a rufe, mun sha jin gida guda sun kwanta ba su tashi ba. Masallacin da ƙafa za ta kai ka, ka taka, kowane taku lada ne. Mu da ke kula da masallatai mu fara duba inda muka ajiye namu injin.

Ga hukumomi kuma: idan ranar ta zo da za ku taƙaita shigar masu hayaƙi cikin gari, ku fara da motocinku da manyan motocin kamfanoni, ku samar da bas mai sauƙin kuɗi, ku ba talaka wa'adi da tallafi, kuma kada dokar ta koma hanyar karɓar na goro a bakin titi. Dokar da ta kama mai adaidaita ta ƙyale mai jiniya ba za ta yi albarka ba.

Allah Ya gaya mana a Suratur Rum, aya ta 41, cewa ɓarnar da ke bayyana a tudu da teku daga aikin hannun mutane take, kuma Yana ɗanɗana musu wani sashe na sakamakon ne don su dawo. Ƙofar dawowa a buɗe take.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya tsare mu daga ɗaukar haƙƙin wanda ba mu ma san fuskarsa ba. Wallahu a'alam.