Wanda Ya Sunkuya Da Wanda Ya Ba Da Takobi

Mu mutanen Haɗejiya muna da saurin yanke hukunci a kan sarakunan da suka miƙa wuya ga Turawa. Dalili kuwa sananne ne. A watan Afrilu na 1906 Sarki Muhammadu ya ƙi bin Ingilishi, ya tsaya ya yi yaƙi a cikin birninsa har aka kashe shi, shi ya sa muke kiransa Mai Shahada. To, amma shin duk wanda bai mutu irin wannan mutuwa ba maci amana ne?

Labarin Aljeriya ne ya sa na sake tunani. Faransawa sun kama birnin Aljas a 1830, sai Amir Abdulƙadir ya haɗa kabilun yamma ya tsaya musu a gaba. Da suka ga ƙarfi kaɗai bai isa ba, sai suka shiga neman inda bango ya tsage. Suka samu Dawa'ir da Zamala, kabilu biyu da suka saba cin moriyar mulkin Turkawa, ba su kuma son bin Abdulƙadir. A 1835 Janar Tirezel ya ƙulla alkawari da su. Daga baya mahayansu suka riƙa yaƙar Abdulƙadir tare da Faransawa, Mustafa ɗan Isma'ila na gabansu.

Shi kansa Abdulƙadir ya miƙa wuya a 1847, bayan an ƙone gonaki an kwashe dabbobin mutanensa. Wa zai iya buɗe baki ya ce masa matsoraci? Ni dai ba zan iya ba. A ganina sunkuyawa daban, ba da takobi daban. Mai sunkuyawa ya duba mata da yara ya ga ba sauran dabara. Mai ba da takobi kuwa tsohuwar gaba ya duba, ya ari hannun baƙo ya rama.

Haruna, wanda ya hau gadon Haɗejiya bayan yaƙin, yana cikin kashi na farko, domin dole wani ya tattara waɗanda suka watse cikin fadama. Abin da ya fi damuna shi ne sojojin da suka shigo birnin ran nan. Hafsoshi ne kawai Turawa. Masu riƙe da bindigogin baƙar fata ne, da yawansu kuma Hausa suke ji. Su a wane kashi za mu sa su?