Shirun Mai Sayar da Fili

Karatu: 1 Sarakuna 21:1-19, Littafin Firistoci 25:23

Ga tambayar yau: in ka sayar da filin da ka san yana da matsala, ba ka yi ƙarya da bakinka ba, shiru kawai ka yi, ka yi zunubi ko ba ka yi ba?

Tun 1978 doka ta sa filayen birane a hannun gwamna, shi ke ba da takardar shaidar mallaka. Amma samun takardar nan sai mai kuɗi da ƙarfin zirga-zirgar ofis. Shi ya sa talaka a Gonin Gora, ko Mararaba da Masaka, yakan koma filin awon igiya. Mai gona ya yanka gonarsa, dillali ya karɓi la'ada, mai unguwa da shaidu su sa hannu. A kan amana kaɗai cinikin yake tsaye. Gwauruwar da ta yi shekaru tana adashi ba ta da lauya, ba ta da mai awo. Maganarka ce takardarta.

To, ka san filin yana kan hanyar ruwa. Ko ka ji cewa za a yi rusau a wurin. Ko magada suna rigima a kansa. Za ka ce, “Ai ba ta tambaye ni ba.” Ka dubi Ahab. Bai jefi Nabot da dutse ko ɗaya ba. Yezebel ce ta rubuta wasiƙu, dattawan gari suka kawo shaidun zur, shi kuwa ya tashi ya je karɓar gonar inabi. Duk da haka wurinsa Ubangiji ya aiki Iliya, a cikin gonar kuma ya same shi. Wanda ya ci ribar zalunci, shirunsa ba zai wanke shi ba.

Sayar da fili ba laifi ba ne, riba ma ba laifi ba ce. Amma Littafin Firistoci ya koya mana cewa ƙasa ta Allah ce, mu baƙi ne a cikinta. Ba za ka cuci talaka a filin Maigida, ran Lahadi kuma ka fitar da zakka daga kuɗin, ka tsaya gaban ikilisiya kana ba da shaidar albarka ba. Albarkar da ta bar wani yana kwana a kango ba daga sama ta zo ba.

In kai dillali ne, faɗi aibin fili kafin a biya. In an kira ka shaida, kada ka sa hannu a kan abin da ba ka sani ba. In ka riga ka cuci wani, bi sawun Zakka mai karɓar haraji: nemi mutumin, ka mayar masa.

Addu'a: Ya Uba, bari Ruhu Mai Tsarki ya buɗe bakina a inda shiru zai cuci ɗan'uwana. Ka ba marasa muhalli wurin sa kai. Cikin sunan Yesu, Amin.